Tayar Hunturu: Daga Titunan Ƙanƙara Zuwa Rumfar Mai Faci



Da zarar watan Oktoba ya kama a Jamus, ko Kanada, ko Suwidin, kakar masu canja taya ta yanke saƙa. Garejin da za ka shiga kai tsaye a watan Yuli a duba maka mota, yanzu sai ka nemi a ba ka rana tun da saura makonni. Motoci ne a layi, kowace da tayoyi huɗu a but ko a kujerar baya. Baƙon da ya zo daga Kano ko Damagaram ko Zangon Kumasi, idan ya ga haka, abin da zai fara zuwa ransa shi ne mutanen nan kuɗi ne ya yi musu yawa. Taya lafiya ƙalau, zanenta raɗau, a kwance ta a ajiye, a ɗaura wata? Mu a wajenmu ai sai taya ta suɗe ko ta fashe ake rabuwa da ita.

A kan wannan za mu yi magana yau, domin 'yan'uwanmu da karatu, ko aikin asibiti, ko tuƙin tasi da kai saƙo ya kai ƙasashen ƙanƙara suna ƙaruwa, kuma hunturun farko shi ne mai haɗari. Wanda ke zaune a gida ma kada ya murɗa akwatin rediyonsa, domin tayoyin da ake kwancewa a can, da yawansu a nan suke ƙarasa rayuwarsu.

Asalin maganar roba ce. Ka ga yadda man shanu ke daskarewa a kwalba da sanyin asubar hunturu, rana na yi kuma ya narke? Robar taya ma tana da wannan hali. Tayar bazara an haɗa robarta ne don ta jure zafin kwalta, saboda haka idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7 a ma'aunin Salshiyas sai ta fara ƙandarewa, ta daina kama titi yadda ya kamata. Tayar hunturu kuwa an ƙara mata robar itace da sinadarin silika, ta yadda ko sanyi ya kai digiri 20 ƙasa da sifili tana nan da laushinta. Wannan digiri 7 ba katanga ba ce da mota za ta kife da an tsallaka ta. Ƙiyasi ne na masu ƙera taya, amma ƙiyasi mai amfani, domin wanda zai fita aiki ƙarfe shida na safe bai san abin da dare ya bari a kan gada ba.

Sai zane. Duba tayar hunturu da kyau za ka ga kowane tudu na zanenta an tsattsaga shi da ƙananan tsagi birjik, masu lanƙwasa. Idan taya ta danne ƙasa sai tsagin ya buɗe, bakinsa ya ciji ƙanƙara, ya kuma tsotse ɗan siririn ruwan da ke kwance a kanta, wanda shi ne ainihin mai kawo santsi. Manyan ramukan zanen kuma suna cika da dusar ƙanƙara da gangan, domin dusa ta fi manne wa 'yar'uwarta dusa fiye da yadda take manne wa roba. Ba sabuwar dabara ba ce. Kamfanin da a yau ake kira Nokian a ƙasar Finlan ya fitar da tayar hunturu ta manyan motoci tun 1934, ya biyo da ta ƙananan motoci, mai suna Hakkapeliitta, a 1936, kuma har gobe ana sayar da taya da wannan suna.

To ta yaya za ka gane ta gaskiya? Ka duba gefen tayar. Akwai tambarin dutse mai kawuna uku da furen ƙanƙara a cikinsa. Tayar da ke ɗauke da shi an gwada ta a kan dusar ƙanƙara ta ci jarrabawa. Haruffan M+S kaɗai kuwa, waɗanda ke nufin taɓo da dusa, kamfani ne ke buga abinsa ba tare da wannan gwaji ba. Bambancin ya kai ga doka. A Jamus, daga 1 ga Oktoban 2024, tayar da ba ta da tambarin dutsen ba a lissafa ta a matsayin tayar hunturu, ko da an rubuta M+S da manyan baƙaƙe. Dokar Jamus ba ta ɗaure da kwanan wata ba, da yanayi ta ɗaure: idan akwai ƙanƙara ko dusa a titi aka kama ka da tayar bazara, tarar yuro 60 ce da maki ɗaya a kan lasisinka, yuro 80 idan ka tare wa mutane hanya. Shi ya sa Jamusawa suka sauƙaƙa wa kansu da al'adar ɗaurawa a Oktoba, su kwance lokacin Ista.

A lardin Kebek na Kanada, inda birnin Montreal yake, kwanan wata ne: daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris dole ne, tara kuma daga dalar Kanada 200 zuwa 300. Maƙwabciyarsa Ontariyo ba ta tilasta ba, amma tun 2016 ta wajabta wa kamfanonin inshora su yi rangwame ga mai tayar hunturu, sai dai mutane da yawa ba sa tambaya. Ostiriya daga 1 ga Nuwamba zuwa 15 ga Afrilu idan titi ya ɓaci. Suwidin ma idan titi ya ɓaci, daga 1 ga Disamba zuwa 31 ga Maris. Faransa ta ɗora wa yankunan tsaunuka tun 2021, taya ko sarƙa, daga Nuwamba zuwa ƙarshen Maris. Birtaniya ba ta da irin wannan doka ko kaɗan. Mai niyyar tsallaka iyaka da mota ya sani cewa dokar ƙasar da tayarsa ke takawa ita ce ke kansa. Kuma ni a ganina tarar ce mafi sauƙi a cikin lamarin. Ranar da ka daki bayan motar wani da tayar da ba ta dace ba, kai da kamfanin inshora ne, kuma ba su da saurin yafiya.

Bari in tsaya a kan wata magana da ake yawan ji a bakin mutanenmu: ai motata jif ce, duk ƙafafunta huɗu na ja, ba na buƙata. Wannan kuskure ya jefa manyan motoci da yawa cikin kwalbati. Jan ƙafa huɗu yana taimaka maka ka tashi, ka hau tudu, ka fita daga inda ka kafe. Ranar taka birki kuwa, kowace mota a duniya da ƙafa huɗu take tsayawa, babba da ƙarama, kuma jif ta fi nauyi, don haka ta fi wuyar tsayarwa. Abin da ya fi muni, da yake tana tashi ba gardama, sai ta ruɗi direba ya ɗauka titin lafiya yake, ya ƙara wuta. Na'urar hana birki ƙullewa da ta hana mota juyawa duk suna aiki ne da ɗan riƙon da taya ta samu. Idan riƙon babu, ba su da abin da za su sarrafa.

Tayar hunturun ma iri-iri ce. Akwai ta tsakiyar Turai, wadda aka yi don titi mai jiƙa da ruwa, da dusa mai narkewa, da gudun babbar hanya. Akwai ta ƙasashen arewa, mai tsananin laushi, wadda aka yi don ƙanƙara mai tauri da sanyi mai ratsa ƙashi, irin na Helsinki ko Winifeg. Akwai kuma mai ƙusoshi, wadda babu kamarta a kan sulɓin ƙanƙara, amma tana cin kwalta tana tayar da ƙura. Jamus ta hana ta. Birnin Oslo na karɓar kuɗi daga mai amfani da ita. Japan ta yi mata doka a farkon shekarun 1990 saboda ƙurar da ta addabi birane, abin da ya ƙara wa tayoyi marasa ƙusa irin su Blizzak na kamfanin Bridgestone kasuwa. Sannan akwai tayar da ake cewa ta kowane yanayi. Idan tana da tambarin dutse, kuma kana zaune a gari mai sauƙin sanyi kamar Landan ko Kolon, ba ka doguwar tafiya, to ta wadatar. Amma mai zama a Kalgari ko arewacin Suwidin, ko mai tuƙin tasi da ke kwana a titi, kada ya yaudari kansa. Kada kuma mazauna Amurka da Kanada su ruɗe: tayar da sabuwar mota ke zuwa da ita a can, wadda ake cewa ta duk shekara, galibi M+S kawai gare ta.

Yanzu girma. A gefen kowace taya akwai lambobi, misali 205/55 R16 91H. Lamba 205 faɗin tayar ne a milimita. Lamba 55 tsayin gefenta ne, wato kashi 55 cikin 100 na faɗin. Lamba 16 girman rim ne a inci. Lamba 91 na nufin taya ɗaya za ta ɗauki kilo 615, harafin H kuma iyakar gudunta kilomita 210 a awa. Tayoyin hunturu da yawa T ne, wato 190, ko Q, wato 160. An yarda ka sauko a harafin gudu, a Jamus da sharaɗin ka manna sitika inda direba zai gani, ko ka saita gargaɗi a allon motar. Lambar nauyi kuwa ba a saukowa ƙasa da abin da kamfanin motar ya ce. Girman da aka yarda wa motarka yana nan a sitikar da ke jikin ƙofar direba, da littafin mota, da takardunta.

Abin da zai ba mutanenmu mamaki shi ne a hunturu ba a neman taya mai faɗi. Mu mun saba ganin babban rim da faffaɗar taya su ne ado. A kan dusa siririyar taya ta fi nutsawa ta kamo ƙasa, gefenta mai tsayi ya fi jure ramukan da sanyi ke fasawa a titi, kuma ta fi araha. Mai Volkswagen Golf da ke tafiya da 225/45 R17 da bazara yana iya komawa 205/55 R16 da hunturu, domin idan aka haɗa rim da taya tsayinsu kusan ɗaya ne, bambancin bai kai milimita 3 ba. Wannan shi ne sharaɗin: tsayin ƙafar gaba ɗaya ya tsaya kusa da na asali, in ba haka ba agogon gudu zai riƙa yi maka ƙarya. Sharaɗi na biyu, ƙaramin rim ɗin ya iya rufe kan birki ba tare da gogawa ba. Motoci masu manyan birki ba sa karɓar ragi.

Shawarata, duk mai hali ya sayi tayoyin hunturu da rim ɗinsu daban. Kuɗin farko da ɗan nauyi, amma ka huta da biyan kuɗin ɓare taya daga rim da mayar da wata sau biyu a shekara, ka huta da yagewar bakin taya, kuma kana iya canjawa da kanka a ƙofar gida. Rim ɗin ƙarfe baƙi ba shi da kyan gani, amma yana da araha, kuma gishirin da ake barbaɗawa a titi don narkar da ƙanƙara ya ci shi bai ci rim ɗinka mai tsada ba.

A wajen sayen rim ne mutane suka fi asarar kuɗi, musamman masu sayen na hannu a intanet. Ganin ramuka biyar bai isa ba. Yawancin motocin Volkswagen da Marsandi ramukansu biyar ne a kan da'ira mai milimita 112. Toyota Camry da Honda Accord biyar ne su ma, amma a kan 114.3. Bambancin milimita biyu da ɗoriya ne, ido ba zai gani ba, noti ma yana iya shiga da ƙyar, amma ƙafar ba za ta zauna daidai ba, kuma wata rana za ta kwance kanta. Sai ramin tsakiya, inda rim ke zama a kan cibiyar ƙafa: na Golf milimita 57.1 ne, na Marsandi 66.6. Rim ɗin Golf ba zai shiga Marsandi ba duk da ramukansu ɗaya. Na Marsandi zai shiga Golf amma da sako-sako, sai an sa masa zoben cikewa, in ba haka ba sitiyari zai riƙa karkarwa. Sai lambar da ke bin haruffan ET a bayan rim, wadda ke nuna yadda ƙafar za ta shige ciki ko ta fito waje. Idan ta yi nisa da ta asali, taya za ta riƙa gogar jikin mota a kwana. Na ƙarshe, wanda kusan kowa ke mantawa, mazaunin noti: wani zagayayye ne, wani mai tsini. Notin rim ɗin kamfani ba lallai ya dace da rim ɗin kasuwa ba. Ka tambaya kafin ka biya.

Wajen ɗaurawa, huɗu ake sa wa, ba biyu ba. Na san dabarar da ke zuwa wa mai ƙaramin ƙarfi: tunda ƙafafun gaba ke jan motar, bari in sa biyu a gaba, Allah Ya kawo na sauran. Wannan ya fi haɗari fiye da yadda ake zato. Gaba zai kama titi, baya zai sulɓe, a kwanar farko motar ta juya ta fuskanci inda ta fito. Araha ba ta ado.

Tayoyin hunturu da yawa suna da kibiya a gefe mai nuna inda za su riƙa juyawa. Ta dama daban, ta hagu daban, idan aka juya su zanen zai riƙa tara ruwa a maimakon watsar da shi. Kafin ka ɗora rim, ka goge tsatsar da ke kan cibiyar ƙafa da burushin waya. Ka fara ɗaura noti da hannu, kada ka shafa musu mai ko giris, ka bi su a tsallake, wannan sannan na daura da shi, ba a jere ba. Sannan ka ƙarasa da sifana mai ma'auni, gwargwadon abin da littafin motar ya faɗa. Na yawancin Golf, misali, 120 ne a ma'aunin Niyuton-mita. Al'adarmu ta hawa kan wilsifana da ƙafa ana tsalle har sai noti ya yi ƙara, a bar ta. Ɗaurin da ya wuce kima yana miƙar da ƙarfe, yana lanƙwasa farantin birki. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 ka sake bin notin duka. Kuma kada ka shigar da jikinka ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Iska ma sai an bi ta. Sanyi na rage ta, kusan awo ɗaya na geji a duk saukar digiri 5 ko 6, don haka tayar da aka yi wa iska a gareji mai ɗumi za ta kwana a waje ta tashi da ragi. Ƙananan motocin da aka yi wa rajista sababbi a Tarayyar Turai daga Nuwamban 2014 duk suna da na'urar lura da iskar taya. A wasu motocin na'urar tana cikin kowace ƙafa, saboda haka sabon rim na buƙatar tasa, kuma kuɗi ne da ya kamata ka sa a lissafi tun farko. Tayoyin da ka cire, ka rubuta wa kowace gurbinta da alli, ka ajiye a wuri mai sanyi da duhu. Wanda ba shi da wuri, garejoji na ajiyewa a biya su.

Mai sayen ta hannu ya duba abu biyu. Zurfin zane: dokar Jamus ta tsaya a milimita 1.6, amma Ostiriya na neman 4, Suwidin da Finlan 3, kuma ƙungiyar direbobin Jamus ta ADAC na ba da shawarar a canja a 4. Ka tsoma kwabon yuro 2 a ramin zanen, idan kana hango farin bakinsa, tayar ta gama aikin hunturu. Sai shekaru: bayan haruffan DOT akwai lambobi huɗu na ƙarshe. Idan ka ga 3521, an yi ta ne a mako na 35 na shekarar 2021. Roba na bushewa da tsufa, kuma tayar hunturun da ta bushe ta rasa abin da ya sa ake sayenta.

A nan ne maganar ta dawo gida. Tayar da Bajamushe ya yar don zanenta ya sauko milimita 4, a idon mai saye a Kano ko Maraɗi kusan sabuwa ce. Ga zane mai zurfi, ga tsagi birjik, ga sunan babban kamfani. Dillalai na tattara irinsu, wani lokaci a cusa biyu ko uku cikin juna don su shiga kwantena da yawa, abin da ke lalata wayoyin da ke cikin taya tun kafin ta taka ƙasa. Najeriya ta sa tsofaffin tayoyi cikin jerin kayan da aka hana shigowa da su, ban da wasu na manyan motoci da ake sabunta wa zane, amma kowa ya san rumfunan gwanjo cike suke. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi sahu a Legas a 2008, kasuwar ta koma hannun masu shigowa da kaya. Haka nan motocin da ake saukewa a Kwatano da Legas daga Kanada ko arewacin Turai, wasu da tayoyin hunturunsu suke isowa, mai saye ya hau ya kama hanya.

Ka ɗauki robar da aka haɗa don ta yi laushi a cikin ƙanƙara, ka ɗora ta a kan kwaltar Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a inuwa, kwalta kuma ta fi haka nesa ba kusa ba. Za ta yi laushi fiye da kima, ta riƙa cinyewa da sauri, motar ta riƙa lilo a kwana, birki ya ƙara nisa kafin ya tsayar. Ka haɗa da tsufa, da lodin fasinja da buhuna, da ƙarancin iska, da gudun direban haya mai son ya yi sawu biyu. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta daɗe tana gargaɗi a kan tsofaffin tayoyi, har tana cewa kada a wuce shekara huɗu daga ranar ƙira. Kada kuma wani ya ce ai mu ma muna da hunturu. Sanyin Jos ko na Kano na asuba ne, kafin azahar kwalta ta ɗau zafi, kuma ba ƙanƙara a kanta.

Don haka, malam direba, idan ka je rumfar mai taya, kafin a yi ciniki ka sunkuya ka karanta gefenta. Haruffan M+S kaɗai ba abin tsoro ba ne, tayoyin jif da yawa na ɗauke da su. Amma idan ka ga dutse mai kawuna uku da furen ƙanƙara, ga tsagi birjik a kan zanen, ko ƙananan ramukan da aka zare ƙusoshi, ka ajiye ta ka nemi wata, komai kyanta. Ka kuma karanta lambobi huɗun nan na shekara. Masu faci, ku ma ku riƙa faɗa wa masu motoci gaskiya, domin ku ne kuka fi kowa ganin gefen taya.

'Yan'uwa na ƙasashen sanyi kuma, kada ku jira dusar farko ta sauka, ranar ba za ku sami gurbi a gareji ba. Ku nemi rana tun Oktoba, ku sa huɗu, ku rage gudu, ku ƙara tazara tsakaninku da na gaba.

Allah Ya kai kowa gida lafiya.